Ɗigon Ja da Ɗigon Shuɗi

A wurin aikinmu babu mai kirana da sunana. Uwar Ɓeraye suke ce min, tun daga Farfesa har masu shara, kuma na daɗe da daina jin haushi tunda ba ƙarya suka yi ba. Ni ke ba su abinci, ni ke canza musu ɓurɓushin katakon da suke kwanciya a kai, ni ke sanin wanda ya tashi lafiya da wanda ya tashi da kumburin ido. Ɗakinsu yana can ƙarshen baranda, ba shi da taga, fitila ce ke yi musu dare da rana. Ɓera dabbar dare ce. Idan na shiga da safe sai in tarar da su a dunƙule a lungun keji suna barci, wani a kan wani, kamar tsummokaran da aka tara za a wanke. Duk aikin nan babu abin da na fi so kamar wannan shirun na safe.

Abin da ake yi a gidan, in ka cire manyan kalmomin da Farfesa ke ƙauna, ba shi da wuyar ganewa. Ƙwaƙwalwar mutum tana sakin wasu sinadarai cikin jini, su ne ke ce wa jiki yanzu ka ji yunwa, yanzu ka ƙoshi, yanzu ka kwanta. Furotin ne, amma ɗan mitsitsi ne a jikin kowa, bai isa a yi gwaji da shi ba. Don haka sai a ɗebi jinin mutum, a ciro tsarin da jikinsa ke bi wajen haɗa sinadarin, a cusa wa bakteriya. Su kuwa ba sa tambayar na wane ne. Sai su yi ta haɗawa a cikin manyan kwalabe masu ɗumi, a tace, a busar, ya koma farin gari a gindin wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsana ba. Wasu ɗakunan bincike su saya, wani kuma a gwada shi a kan ɓerayena.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne. A nan wurin aikin muka haɗu, ya zo gyara ya tsaya surutu. Mutum ne da Allah ya hore wa barci. A mota yana yi, a kan benci yana yi, an ce ya taɓa yi a kan tsani da sukudireba a hannu. Bayan aurenmu barcin ya fara raguwa, 'yan'uwansa suna tsokanarsa wai amarya ta hana shi sakat, mu yi ta dariya. Shekaru suna tafiya, abin ya daina ba da dariya. Ya koma ba ya runtsawa sam. Sai in dawo daga aiki in same shi a tsaye a falo, fuskarsa a bango, hannuwa a sake, ido a buɗe. In na kira shi ya amsa da hankalinsa, har ya tambaye ni ya aiki, amma ba zai juyo ba. Ya rame har agogo yana zamewa daga hannunsa. Likitoci suka yi iya yinsu, ba su samo sunan ciwon ba.

Kafin ya rasu Farfesa ta roƙe shi jini, ya bayar. Ta ce tana zargin sinadarin barcinsa ne ke da matsala, kuma in za a gane hakan sai an kwatanta da na lafiyayyen mutum.

To, mu a gidan nan akwai yadda muke samun lafiyayyen mutum. Akwai wani dattijo mai kula da firizojinmu, Mai Sanyi muke ce masa, shi ne kuma ya fi kowa iya samo jijiya. Duk ranar da ake neman jinin kwatance sai ya tsaya a bakin baranda da sirinji yana cewa, "Wa ya karya da kyau yau?" Wanda tsautsayi ya fara biyowa da shi, shi ne lafiyayye. Haka ake yi tun kafin a ɗauke ni aiki, babu wanda ya taɓa ganin aibu a ciki. Ran nan ni na biyo. Ban ma jira ya gama tambaya ba na naɗe hannun riga. Ni da ko mura ba ta cika kama ni ba, kuma don mijina ake yi, wa ya fi ni cancanta?

Aka kwatanta nawa da nasa, aka ga sun bambanta a wuri ɗaya. Aka kira nasa na mai ciwo, nawa na mai lafiya, aka ba bakteriya su biyun. Shi bai ga ƙarshen aikin ba.

Ya bar min 'ya ɗaya. Auta muke ce mata, ko da yake ita ce ta fari kuma ita ce ta ƙarshe, uban ne ya laƙaba mata don wasa. Tana aji biyu a firamare. Bayan rasuwar na kasa barinta ta kwana ita kaɗai, na dawo da ita gadona, tana manne da ni har gari ya waye. Da Farfesa ta duba jininta ta ce min, ba tare da ta kalli idona ba, yarinyar tana da irin na ubanta.

"Amma wannan ba ya nufin komai tukuna," in ji ta. "Bambanci ba ciwo ba ne. Sai mun gwada mun gani ko shi ne ya kwantar da shi."

Na ce, "In kuma shi ne fa, Farfesa?"

Ta ce, "Bari mu gwada dai."

Ban gaya mata cewa Auta ta riga ta fara ba. Da safe nakan ga idonta a bushe, ƙasansa ya yi duhu. Malamar ajinsu ta tare ni a bakin ƙofar makaranta ta ce, "Maman Auta, lafiya kuwa a gida? In an fita tara yara suna wasa, ita sai ta tsaya a lungun aji ta juya wa kowa baya." Na yi mata murmushi na ce maraici ne. Da na bar wurin sai da na nemi dakali na zauna.

Ranar da za a fara gwajin Mai Sanyi ya fito da kwalaben biyu daga firiza, hayaƙin sanyi yana bin hannunsa. Ƙa'ida ce mai kula da dabbobi kada ta san wanne aka ba wa wanne, don kada zuciya ta sa ido ya ga abin da babu. Ya shiga ɗakinsa ya naɗe rubutun kowace kwalba da baƙin salatif, ya ɗiga wa ɗaya jan fenti a murfi, ɗaya shuɗi.

Na ce, "Baba, ko da ido ne ka nuna min."

Ya ce, "'Yar nan, ko matata ta tambaye ni ba zan faɗa ba, ita da ke riƙe da tukunyata. Ke je ki ga 'ya'yanki."

Aka yi wa rabin ɓerayen allurar ja, rabi ta shuɗi. Na ɗiga wa kowane keji irin launinsa. Sannan na jera su a kan kantar ɗakin yadda muka saba, ja, shuɗi, ja, shuɗi, a cakuɗe, don kada wasu su fi wasu samun haske ko iska. Wannan ma ƙa'ida ce, kuma na fi kowa kiyaye ta. Ɗalibai sun sha faɗa a wurina a kanta.

Kwanakin farko ban ga komai ba. Daga nan wata safiya na buɗe ƙofa, na ji ɗakin ba daidai yake ba tun kafin in gane dalili. Shiru ne, amma ba irin wanda na sani ba. Babu wanda ke barci.

Masu jan ɗigo suna zaune lafiya lau. Gashinsu yana sheƙi, sun cinye abincinsu, wasu suna wanke fuska. Idonsu biyu da rana tsaka, amma ba alamar gajiya a tare da su. Da na matso duk suka ɗago suka dube ni tare, ba tsoro, ba gudu, suka bi ni da ido har ƙarshen kanta.

Masu shuɗin ɗigo kuwa suna tsaye. Ɓera yakan miƙe a kan ƙafafun baya ya shinshina iska ya sauka, wannan kowa ya sani. Waɗannan ba su sauka ba. Sun jeru a bangon baya na kejinsu, hanci a jikin roba, hannuwa a sake a ƙirji. Na ƙwanƙwasa keji da farce. Kunnuwansu suka motsa, sun ji ni sarai, amma ko ɗaya bai juyo ba.

Na san wannan tsayuwar. Na yi shekaru ina shigowa gida ina tarar da ita a falona.

Na fita na tsaya a baranda da takunkumi a fuska, ina kuka ba sauti. Ba sai an ɓare salatif ba, na riga na sani: shuɗi nasa ne, shi ne ciwon, kuma yana jikin 'yata. Mai Sanyi ya zo wucewa da bokitin ƙanƙara, ya dube ni, ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya fasa ya wuce. Na ji haushinsa ƙwarai a ranar. A raina na ce dattijon banza, kana ganin mutum a wannan hali kana riƙon ƙa'ida.

Farfesa ta shigo ta gani da idonta. Ta daɗe a tsaye, hannu a aljihun farar rigarta. Ta ce a ci gaba har lokacin da aka ɗiba wa gwajin ya cika, kada a taɓa komai. Na ce to. Me zan ce? Kullum ina auna su, kullum masu shuɗi suna raguwa a sikeli. Na fara jiƙa musu abinci ina kai musu har baki, abin da ba a yarda a yi ba. In na koma gida in dafa wa Auta duk abin da ta ce tana so, ta tsakura ta ture. Sai in ƙara jawo ta jikina, in rungume ta, in ce ai Mama tana nan, babu abin da zai same ki.

Ana cikin haka bututun na'urar sanyaya ɗakin ɓerayen ya fara yoyo. Na shigo da safe na tarar ruwa yana ɗiga daga silin a kan gefe ɗaya na kanta. Kafin mai gyara ya zo dole a janye kejin da ke ƙarƙashin yoyon. A ƙa'ida ja da shuɗi zan kwasa daidai wa daida. Amma hannuna marasa lafiyan ya fara kaiwa, kamar yadda kowace uwa za ta yi. Na kwashi keji huɗu masu shuɗi na kai su ɗakin da muke wanke kwalabe, na ɗora a kan tebur, na rufe su da tawul. Masu jan na ɗan matsar da su gefe kawai.

Mai gyaran bai zo da wuri ba, halinsu ne. Sai bayan azahar na samu na leƙa ɗakin wanki. Na ɗaga tawul.

Suna barci. Sun dunƙule a lungu, wani a kan wani, cikinsu yana hawa yana sauka. Wani ma ya yi rigingine, baki a buɗe. Na sa yatsa na taɓa shi, ko motsi bai yi ba don nauyin barci.

Da gudu na je ofishin Farfesa, ko sallama ban yi ba. Na ce, "Sun warke! Farfesa, yana sakin su, ciwon yana wucewa da kansa!" Ta zo ta gani, ta yi murna ita ma, amma irin murnar masu ilimi, rabi a ciki rabi a waje. Ta ce in mayar da su wurinsu tunda an gyara bututun, mu ga gobe. Na mayar da su, kowanne tsakanin jajaye biyu kamar da. Ranar har tsire-tsiren da ke bakin hanya sai da suka yi min kyau. Na saya wa Auta takalmi a hanyar gida ba tare da wani dalili ba.

Washegari na tarar da su a tsaye, hanci a bango.

A nan ne na lura da abin da ya kamata in lura da shi tuntuni. Kejin da ke ƙarshen layi, mai shuɗi ne, maƙwabcinsa ja ɗaya ne kawai, ta hagu. Ɓerayen cikinsa ba bangon baya suka fuskanta ba. Sun cure a bangon dama, iya nisan da kejin ya ba su. Na ɗauki kejin na kai shi ɗaya ƙarshen, inda ja yake ta damansa. Ina tsaye ina kallo suka sauko ɗaya bayan ɗaya, suka ja jiki suka koma bangon hagu, suka sake miƙewa.

Na kira Farfesa na nuna mata. Ta sa na maimaita. Sannan ta ce, "Kina da waɗanda ba a yi wa allura ba?"

Na ce akwai ragowar da ban yi amfani da su ba, suna ɗaya ɗakin.

"Kawo keji biyu. Sa ɗaya tsakanin jajaye. Ɗayan ki kai ɗakin wanki tare da masu shuɗi."

Na yi yadda ta ce. Ba a daɗe ba amsa ta fito. Na ɗakin wanki, da sababbin da masu shuɗin, duk suna ta sharar barci, masu shuɗin har sun fara mayar da jiki. Sababbin da na sa tsakanin jajaye, waɗanda allura ba ta taɓa shiga jikinsu ba, sun daina barci. Sun miƙe tsaye. Jajayen kuwa suna nan sumul, suna cin abinci, suna bina da ido.

Muna tsaye ni da Farfesa a gaban kantar kejin, na'ura tana hura iska a kanmu. Ta ce, a hankali, kamar da kanta take magana, "Abin da ke cikin shuɗi ba ya yin komai. Zama kusa da ja ne ke kwantar da su."

Na ce, "Ta yaya? Keji daban, abinci daban, ruwa daban."

"Ban sani ba. Wataƙila ta numfashi, wataƙila ta fata. Ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar na sani ba."

Kaina ya ɗaure. Na ce, "To ashe ja ne nasa kenan. Amma Farfesa, ai shi ne ya kwanta. Ni da na zauna kusa da shi shekara da shekaru ko ciwon kai ban yi ba."

Ta dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba, sannan ta leƙa baranda ta ce a kira mata Mai Sanyi, ya zo da kwalaben.

Ya shigo da su a cikin bokitin ƙanƙara. Da alama ya san dalilin kiran, don bai yi ko ɗaya daga cikin barkwancinsa ba. Ya ce, "Farfesa, lokaci bai cika ba."

Ta ce, "Ɓare, Baba."

Ya ɗauki mai shuɗin murfi. Yatsunsa sun yi sanyi, salatif ɗin yana ƙin kamuwa, sai da ya sa farce. A ƙarƙashi da rubutun hannunsa an sa na mai ciwo. Ya ajiye ta. Bai ɗauki ta biyun ba, ya tsaya yana kallon ƙasa. Ni na miƙa hannu na ɗauka, na ɓare da kaina: na mai lafiya, wato nawa.

Ya ce, "'Yar nan, tun ranar da na gan ki kina kuka a baranda nake son in ce miki ja naki ne, ga shi su ma ba sa barci... Wallahi ni ma ban gane ba. Na zaci na yi kuskuren ɗiga fenti. Na koma na duba ya fi a ƙirga."

Farfesa ta zauna a kan kujerar da nake takawa in zan kai saman kanta. Ta ce, "Mun kwatanta nasa da naki, muka ga bambanci, muka ce nasa ne baƙo saboda shi ne a kwance. Babu wanda ya kwatanta naki da na wani. Ke ce lafiyayya, ke kika biyo ta baranda."

Na ce, "Ɓerayena fa? Kullum ina cikinsu, kuma suna barcinsu."

"Da riga, da safar hannu, da takunkumi. Kuma ba kwana kike yi a nan ba."

Akwai abin da ya faɗo min a lokacin, ina riƙe da kwalbar, ƙanƙarar jikinta tana narkewa a tafin hannuna. Karo na farko da aka kwantar da maigidana a asibiti, ba su bar kowa ya zauna da shi ba. Ya yi barci kamar an yi masa rahama, ya tashi ya nemi abinci, likitoci suna ta yaba maganinsu, aka sallame shi. Da ya dawo gida abin ya dawo. Karo na biyu na ce ban yarda ba. Na tayar da rigima a gaban ofishin babbar nas, na ce mijina ne, babu mai raba ni da shi, har suka gaji suka kawo min kujera. Na zauna a gefen gadonsa, hannunsa a cikin nawa, ban matsa ko'ina ba har ya cika. Mutane suka yi ta sa min albarka, wai ba a samun mata irina.

Ban yi kuka ba a gabansu. Tsoro ne ya kama ni, tsoron jikina, fatar hannuna da numfashin da ke fita ta cikin takunkumi. Na tambayi abu ɗaya kawai. Na ce, "Auta fa? Tana da irin nawa?"

Farfesa ta ce, "Kowane ɗa yana ɗaukar ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa, amma ke ma biyu gare ki, ba lallai wannan ta ɗauka ba. Zan duba." Sannan ta ce, "Tana barci?"

Na girgiza kai.

"To da wuya tana da shi. Masu shi ba sa wahala." Ta nuna jajayen da haɓa. "A ina take kwana?"

Na cire safar hannu na jefa a kwandon shara, na fita na kira yayata a waya. Tana zaune a ɗaya gefen gari da mijinta da yara uku, gidan hayaniya, irin wanda ake cin abinci ana faɗa a kan cokali. Na ce, "Yaya, ki zo da mota ki ɗauki Auta yau. Za ta zauna a wurinki."

Ta ce, "Ikon Allah. Ke da ko yini ɗaya ba kya barinta ta zo mana? Me ya faru?"

Na ce, "Ki zo dai, don Allah. Zan yi miki bayani."

Na je makaranta na ɗauko ta. Ta miƙo hannu in riƙe kamar kullum, na ce hannuna da datti, ta bi ni a baya. A gida na buɗe tagogi duka, na sa ta zauna a bakin ƙofa, na shiga na haɗa kayanta: kayan makaranta, buroshi, sabon takalmin, da bargon da ubanta ya saya mata. Bargon na ɗaga na shinshina, na ji ƙamshina ne a jiki, na mayar da shi kan gado.

Tana kallona daga bakin ƙofa da waɗannan idanun da suka zurma. Ta ce, "Mama, laifi na yi?"

Na ce, "A'a, uwata. Hutu za ki je."

"Ke ma za ki zo?"

"Ina da aiki."

"To wa zai riƙe ki in za ki kwanta?"

Na juya na ci gaba da ninke rigar da na riga na ninke.

Yaya ta iso tana faɗa tun daga waje, wai na sa ta baro girki a wuta. Da ta ga fuskar yarinyar sai ta bar faɗan. Auta ta taho da gudu za ta rungume ni, na sa jakar a tsakaninmu na ce ta riƙe da hannu biyu, tana da nauyi. Yaya ta harare ni, harara mai cewa za mu haɗu. Suka shiga mota. Auta ta manna fuska a gilashi tana kallona, ba ta ɗaga hannu ba. Na tsaya a bakin titi har suka sha kwana, mai shagon kusa da mu yana tambayata ko baƙi muka yi.

Ko takalmi ban gama cirewa ba waya ta yi ƙara. Yaya ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ke, wani magani kika ba yarinyar nan?"

Na ce, "Ban ba ta komai ba. Me ya faru?"

"Ko babban titi ba mu hau ba ta ɓingire. Ina mata magana shiru. Na tsaya a gefen hanya na duba ta, wallahi har na tsorata. Barci take yi, har da minshari, miyau yana zuba a kan kujera."

Na zauna a ƙasa, nan bakin ƙofa. Na ce, "Yaya, kai wayar kusa da ita."

Na ji motsi, na ji motoci suna wucewa, sannan na ji shi. Numfashi mai nauyi, yana shiga yana fita, da ɗan gurnani a ƙarshensa. Rabon da in ji wannan sautin a gidana har na manta. Farin ciki ya cika ni har ƙirjina yana zafi, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba, su biyun tare. Na toshe bakina da hannu don kada ta ji ni ta farka.

Yaya ta dawo da wayar kunnenta. Ta ce, "Baiwar Allah, gajiya ce ta tarar mata. Bari ta huta kwana biyu, in ta warware sai in dawo miki da ita."

Na ce, "Kada ki dawo da ita."

"Me kika ce?"

"Ki sa mata katifa a ɗakin yaranki. In ta tambaye ni, ki kira ni a waya, zan yi mata hira har ta gaji. Amma ko na zo da kaina ina kuka ina roƙonki, Yaya, kada ki buɗe min ƙofa."